BMLS, Bayokemistiri, Anatomi ko Fita Waje: Wanne Ya Dace da Ɗalibin Kimiyya a Sakkwato?

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunaye a shafin JAMB, gidaje da yawa a Sakkwato sukan shiga shawara iri ɗaya. Yaro ya nemi likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, maki bai kai ba, sai ga tayin wani kwas da ke maƙwabtaka da asibiti: Maikirobayoloji, ko Bayokemistiri, ko kuma a ce akwai damar canjawa zuwa kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, wato BMLS. Wani kuma kawunsa ne zai ce ya ɗauki nauyinsa, ya tafi Indiya ko Malesiya ko Ingila ya karanto Bayomedikal, wato kimiyyar jikin ɗan Adam da cututtuka. Duk kwasa-kwasan nan jini da ƙwayoyin cuta da sassan jikin ɗan Adam ake karantawa a cikinsu, kowa kuma farar rigar lab yake sawa, shi ya sa iyaye ke ɗauka duk tafiyar ɗaya ce. Bambancin ba ya fitowa fili sai ranar neman aiki, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne lasisi. Dokar ƙasa mai lamba 11 ta shekarar 2003 ce ta kafa hukumar MLSCN, ta ba ta ikon yi wa masu gwaje-gwajen asibiti rajista da duba wuraren da ake aikin. Wanda ba ya cikin rajistarta ba shi da hurumin karɓar jini ko fitsarin majiyyaci ya gwada ya sa hannu a takardar sakamako, ko da kuwa ya fi kowa iya aikin. Likitocin da suka ƙware a binciken cututtuka su ma suna aiki a lab, amma su suna ƙarƙashin tasu hukumar, MDCN. Saboda haka tambayar farko game da kowane kwas ita ce: in an gama, wace hukuma ce za ta ba da lasisi?

Na biyu, kuɗi da shekaru. Na haɗa su ne domin kowace shekara da aka ƙara a makaranta shekara ce ta rajista da abinci da kuɗin mota, kuma shekara ce da ba a karɓi albashi ba. Na uku, wuyar shiga da wuyar zama, don akwai kwas ɗin da samun gurbinsa ne wahala, akwai wanda kuma gurbin a sauƙaƙe yake, fita da sakamako mai kyau ne aiki. Na huɗu, ɗorewa: shin aikin zai ci gaba da riƙe mutum nan da shekara 20, kuma ana samunsa a Sakkwato ko sai an yi ƙaura? Na biyar, haɗari, na jiki da na asarar lokaci.

Ƙofar shiga kusan ɗaya ce ga dukkansu: kiredit 5 a WAEC ko NECO, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, sannan a JAMB galibi Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Inda ake rabuwa shi ne yawan makin da kowane sashe ke tsayawa a kai, kuma wannan yana canjawa kowace shekara gwargwadon yawan masu nema.

BMLS

Shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta JAMB. Shekarar farko darussan kimiyya ne na bai-ɗaya, ta biyu a shiga Anatomi da Fisiyoloji da Bayokemistiri, daga nan kuma rayuwa ta koma tsakanin aji da ɗakunan gwaji na asibitin koyarwa. Ga ɗaliban Danfodiyo wannan yana nufin UDUTH da ke Gawon Nama, ba mazaunin dindindin na Dundaye ba, abin da ya kamata a sa a lissafin masauki tun da wuri. Ana zagaya rassan aikin duka: binciken jini da ƙarin jini, sinadaran jiki, ƙwayoyin cuta da tsutsotsi, binciken tsokar da aka yanko a tiyata, da garkuwar jiki. A shekarar ƙarshe mutum ya zaɓi reshe ɗaya ya zurfafa. Ban da jarrabawar jami'a akwai ta hukumar MLSCN a shekarun ƙarshe. Wanda ya haye sai a rantsar da shi, ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, ana biyansa, sannan ya tafi bautar ƙasa. Ka ga shekara 7 ke nan kafin a fara neman aikin dindindin, in ba a yi yajin aiki ba. Na ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya cinye.

Yana da kyau mai sha'awa ya san yadda aikin yake kafin ya ɗaura niyya. A ɗauki gwajin zazzaɓin cizon sauro. Za a ɗiga jini a kan ɗan gilashi, a baza shi, a bari ya bushe, a rina shi da sinadarin Giemsa, a sake jira ya bushe, sannan a duƙa a kan maikiroskof ana bin fili bayan fili. Ƙa'ida ba ta yarda a rubuta “babu” ba sai an duba aƙalla fili 100. A watan Agusta da Satumba, lokacin da sauro ke ganiyarsa, gilasan jere suke a kan tebur tun safe, ga iyaye mata a bakin taga da yara a goye jikinsu zafi rau, kowa na tambaya ko nasa ya fito. Da dare kuma ga mai haihuwa ta zubar da jini, ana jiran a gwada jinin mai bayarwa, a tabbatar ba ya ɗauke da HIV ko ciwon hanta, a haɗa shi da nata a ga ko sun karɓi juna. Kuskuren rubuta suna a kan kwalba ɗaya yana iya kashe mutum. Aiki ne na mai natsuwa da haƙurin maimaita abu ɗaya ba tare da ya gaji ya fara zato ba. Mai son hira da majiyyaci, da a nuna shi a unguwa a ce ga wanda ya warkar da wane, zai sha takaici, domin majiyyata da yawa ba su taɓa ganin fuskar wanda ya gano cutarsu ba.

Ta fuskar ɗorewa, cikin zaɓin nan huɗu babu wanda ya kai shi ga mai son zama gida. Akwai UDUTH, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, da asibitin yara masu cutar noma mai cin naman baki da fuska, da na ƙwaƙwalwa da ke Kware, ga manyan asibitocin ƙananan hukumomi 23, ga na kuɗi, ga ƙungiyoyin agaji da ke aiki kan tarin fuka da tamowa. Yankinmu yana cikin zirin sanƙarau, annobar 2017 da ta ratsa Zamfara da Sakkwato ba ta yi nisa a tunanin mutane ba. Gwajin jinotayif kafin aure ma ƙara karɓuwa yake yi saboda sikila, har Jihar Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024. A aikin gwamnati albashin yana bin tsarin ma'aikatan lafiya na CONHESS, kuma mai BMLS yana farawa a matakin da ya ɗara na mai digirin kimiyya na shekara 4. Mai lasisi yana iya buɗe nasa lab, sai dai jarin ba ƙarami ba ne: haya, maikiroskof, injin juya jini, firji, rajistar wurin da hukuma, da sola. Sola ba ado ba ce a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, don sinadaran gwaji lalacewa suke yi in firji ya mutu. Digirin kuma yana tafiya waje: ana neman rajista da shi a hukumar HCPC ta Birtaniya, ana zama jarrabawar ASCP ta Amurka, ana neman lasisin hukumar lafiya ta Saudiyya.

Haɗarinsa iri uku ne. Na jiki: allura ta soke ka, ko ka shaƙi kakin mai tarin fuka. Duk wanda zai shiga wannan layi ya yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3 cikin wata 6, kafin ya fara taɓa jini. Na biyu, gurbin sanin makamar aiki bai kai yawan masu kammalawa ba, wasu sukan zauna watanni suna jira, kuma ba a samun cikakken lasisi sai da shi. Na uku ya fi kowanne ciwo: jami'ar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta yarda ta buɗe kwas amma MLSCN ba ta tantance ta ba, ko ta tantance ta amma ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka ware mata. Ɗalibin da hukuma ba ta sa sunansa a kundinta ba zai gama shekara 5 ya fito da takardar digiri, babu rantsuwa. Sababbin jami'o'in kuɗi suna ta buɗe wannan kwas, saboda haka kafin a biya ko sisi a duba jerin makarantun da hukumar ta amince da su, a kuma je a tambayi 'yan ajin ƙarshe ko an rantsar da na gabansu. Zuwa da kai ya fi aike.

Akwai kuma tsohuwar jayayya tsakanin masana lab da likitocin binciken cututtuka kan wa zai shugabanci sashen a asibitocin koyarwa, har ta kai kotu. Ba dalilin fasa karatu ba ne, amma za ka tarar da ita.

Bayokemistiri da Maikirobayoloji

Shekara 4, da 'yan watanni na koyon aiki a masana'anta ko lab, wanda ake kira SIWES. Ana yinsu a Danfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau. Gurbi ya fi samuwa, kuɗin rajista kuma galibi bai kai na kwasa-kwasan asibiti ba. Wannan sauƙin shiga shi ne alherinsu, shi ne kuma matsalarsu, domin duk shekara jami'o'in ƙasar nan suna yaye masu waɗannan digirori fiye da yadda kasuwa ke iya ɗauka.

Na taɓa zama a wani zaure ana wannan shawara. Yarinya ta ce, “Kawu, ni dai Maikirobayoloji anka ba ni.” Dattijon ya ce, “To ɗiyata, wanga karatu in kin ƙare, ba asibiti za ki aiki ba?” Ta ce eh, tunda ƙwayoyin cuta ne ai lab za ta shiga. Kowa ya yi hamdala. Babu wanda ya kawo zancen lasisi, don babu wanda ya sani. Gaskiyar ita ce wannan digiri ba ya kai mutum rajistar MLSCN. Za ka ga masu shi suna aiki a ƙananan lab na kuɗi, amma a ƙarƙashin lasisin wani suke, albashin abin da mai wuri ya ga dama ne, ranar da masu bincike suka zo kuma sai a ce su ɗan zagaya baya. Wanda ya dage sai ya zama masanin lab na asibiti, komawa jami'a zai yi ta hanyar shiga kai tsaye, yawanci daga aji 2 na BMLS, wato ƙarin shekara 4.

Kada a ɗauka raina kwas ɗin nake yi. In ana maganar zurfin kimiyya, ɗan Bayokemistiri nagari ya fi ɗan BMLS sanin dalilin da ya sa gwaji ke ba da abin da yake bayarwa. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009 kan bincikensa game da ƙwayar cutar sammore da ciwon barci, ɗan Bayokemistiri ne. Farfesa Christian Happi, shugaban cibiyar binciken cututtuka ta ACEGID da ke Ede a Jihar Osun, inda aka fara warware tsarin halittar ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020, da Bayokemistiri ya fara. A nan gida ma, Farfesa Riskuwa Arabu Shehu da Farfesa Lawal Suleiman Bilbis, waɗanda suka shugabanci Jami'ar Danfodiyo, daga wannan fanni suka fito. Sai dai a lura da abin da ya haɗa su: babu wanda ya tsaya a digirin farko. Hanyar bincike tana buƙatar digiri na biyu da na uku, kuma ƙofarta ba ta buɗuwa sosai sai ga wanda ya fita da daraja ta ɗaya ko ta biyu babba. Mai irin wannan sakamako yana iya neman zama mataimakin malami a jami'a, ko ya nemi gurbi a cibiyoyin bincike irin su CAMRET a nan Danfodiyo, ko cibiyar cututtukan da aka yi wa sakaci ta ABU, ko WACCBIP a Jami'ar Ghana, ko tallafin karatu na Commonwealth da na DAAD ta Jamus. Wanda kuwa ya shiga da fushin an hana shi likitanci, ya yi shekara 2 yana jan ƙafa, kafin ya farga makinsa ya zube, wannan ƙofa ta rufe.

Sauran wuraren aiki: NAFDAC, hukumar ingancin kaya ta SON, hukumar daƙile cututtuka ta NCDC, cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba, ta binciken magunguna ta NIPRD a Abuja, cibiyar binciken dabbobi ta Vom, hukumomin ruwa da muhalli, sashen duba inganci a kamfanonin abinci da magani, tallan magani wa kamfanoni, da koyarwa ga wanda ya ƙara da difilomar koyarwa ta PGDE ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. A gwamnati ana farawa a matakin albashi na 8. Abin dubawa ga ɗan Sakkwato shi ne yawancin masana'antun suna Legas da Ogun, sai Kano da Kaduna. A gida akwai kamfanin siminti na Kalambaina, da masu casar shinkafa, da masu ruwan leda, da makarantun sakandare da kullum ke neman malamin Kemistiri da Bayoloji. Wanda iyali ko aure zai hana shi barin gari ya sani tun yanzu cewa mai yiwuwa allo da alli ne makomarsa. Sana'a ce mai daraja, in dai da son rai aka shige ta.

Anatomi da Fisiyoloji

Su ma shekara 4 ne, ana yinsu a wurare irin su ABU Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Su ne suka fi kama da likitanci a ido: aji ɗaya da ɗaliban likita a wasu darussa, ɗakin fiɗar gawa da warin fomalin da ke sa ido hawaye, manyan littattafai iri ɗaya. Wannan kamar ce ke jan mutane. Amma babu lasisin duba majiyyaci, babu na lab, kasuwarsu kuma ta fi ta Bayokemistiri ƙunci: koyarwa a kwalejojin likitanci da na jinya, bincike, shirya tsoka don dubawa a maikiroskof, kula da ɗakin ajiye gawa, sai 'yan guraben cibiyoyin taimakon haihuwa da ke manyan birane.

Yawancin masu karɓarsu da niyyar tsallakawa likitanci suke shiga. Akwai jami'o'in da ke barin 'yan ƙalilan mafiya maki su canja bayan aji 1, amma guraben likitanci MDCN ce ke ƙayyade su, kuma ba alkawari ba ne. Ɗaya hanyar ita ce a gama digiri a sake shiga aji 2 na likitanci: shekara 4 da ƙarin 5, 9 ke nan kafin shekarar horon asibiti. A ganina wanda zuciyarsa ba ta karɓi komai ba sai likitanci, gara ya zauna shekara 1 ya sake JAMB da shiri na gaske, ko ya yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a kai tsaye, da ya jingina shekara 4 a kan wataƙila.

Bayomedikal a ƙasar waje

A Ingila shekara 3 ne, a Sikotlan 4. Kayan aiki na zamani, babu dogon yajin aiki irin na gida, galibi ranar da aka ce za a gama ita ce ranar. Amma ko a can digirin kaɗai ba ya mai da mutum ma'aikacin lab na asibiti. Sai kwas ɗin ya zama wanda cibiyar masana lab ta Birtaniya, IBMS, ta tantance, sannan ɗalibi ya cika kundin horo a lab da aka amince da shi, kafin HCPC ta yi masa rajista. Manyan jami'o'i da dama suna da Bayomedikal da ba a tsara shi don aikin asibiti ba, na share fagen bincike ne kawai. Haka abin yake a Indiya da Malesiya da Masar da Uganda: suna ɗaya, abin da ke ciki daban-daban.

In an dawo gida akwai matakai biyu. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta tantance takardar kafin bautar ƙasa. MLSCN kuma za ta duba abin da aka karanta, ta sa a yi horo da jarrabawa kafin ta ba da lasisi, in ta ga darussan sun yi daidai da nata. In ba su yi ba, mutum ya dawo da abin da bai wuce digirin Bayokemistiri ba a idon doka, bayan ya biya ninkin-ba-ninkin.

Kuɗin makaranta a Birtaniya ga baƙo yana farawa daga fam dubu goma sha wani abu a shekara, yana haura dubu 30 a wasu jami'o'i, ban da masauki da abinci. Ƙasashen Asiya da Afirka sun fi araha nesa ba kusa ba, sai dai galibi da dala ake biya. Iyayen da suka tura yara lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin hukuma a farkon 2023 sun tsinci kansu suna sayenta sama da 1,500 a 2024. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro ɗalibanmu da dama a tsakiyar karatu. A Janairun 2024 kuma gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo. Duk wanda dillalin admishan ya zo masa da takarda mai ƙyalli, ya tambaye shi sunan mutum ɗaya da ya gama can ya dawo ya sami lasisi a Najeriya.

Wata hanya da ake mantawa da ita

Kwalejojin fasahar lafiya, irin ta Gwadabawa, suna horar da matsakaitan ma'aikatan lafiya, kuma a cikin kwasa-kwasan irin waɗannan makarantu akwai MLT, na mataimakan masanin lab. Shekara 3 ne, MLSCN ce ke shirya jarrabawarsa ta kuma yi rajista. Matsayi da albashi ba su kai na BMLS ba, kuma a ƙarƙashin kulawar masani ake aiki, amma aiki ne na halal a idon doka, daga baya kuma ana iya neman shiga jami'a da shi. Nan ma sai an tabbatar hukumar ta amince da kwas ɗin a makarantar da aka zaɓa.

Ga su a jere

| Ma'auni | BMLS | Bayokemistiri / Maikirobayoloji | Anatomi / Fisiyoloji | Bayomedikal a waje |
|---|---|---|---|---|
| Shekarun karatu | 5, da 1 ta horo | 4 | 4 | 3 zuwa 4 |
| Lasisin lab na asibiti | Akwai | Babu | Babu | Sai MLSCN ta tantance |
| Kuɗi | Matsakaici, ya ɗara na kimiyya zalla | Mafi sauƙi | Matsakaici | Mafi tsada, da dala |
| Samun gurbi | Da wuya | Da sauƙi | Tsaka-tsaki | Da sauƙi ga mai kuɗi |
| Aiki a Sakkwato | Da dama | Kaɗan, galibi koyarwa | Kaɗan ƙwarai | Ya danganta da lasisi |
| Babban haɗari | Makarantar da ba a tantance ba, kamuwa da cuta | Fita da ƙaramin sakamako | Dogaro da canjin kwas | Faɗuwar naira, ƙin amincewa da takarda |

Game da kuɗi a gida, jami'o'in tarayya da yawa sun ƙara kuɗin rajista tun 2023, saboda haka a nemi jadawalin bana daga ofishin jami'a, kada a yi lissafi da abin da yayan wani ya biya. Asusun NELFUND da aka buɗe a 2024 yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa, ya biya wa makaranta kuɗinta kai tsaye, ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata in ya nema, a fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa. Wannan ya rage nauyin shekarar nan ta biyar ta BMLS, amma bai shafi mai karatu a waje ko a jami'ar kuɗi ba.

Wa ya dace da wanne

Wanda gida ke jiran ya gama ya ɗauki nauyin ƙanne, kuma yana son zama a Sakkwato ko Kebbi ko Zamfara, BMLS ne nasa, ko da zai sake JAMB sau ɗaya kafin ya samu. Haka ɗiyar da ake sa ran za ta yi aure a tsakiyar karatu ko jim kaɗan bayansa: lasisi yana bin ta duk garin da aure ya kai ta, mata da yawa kuma sun fi sakewa mace ta ɗebi jininsu. A dai yi maganar aikin dare da mijin tun kafin a ɗaura.

Wanda makinsa bai kai BMLS ba, gida kuma ba zai iya jiran wata shekara ba, MLT a kwalejin da aka tantance ya fi masa digirin da zai ajiye a akwati.

Wanda Kemistiri ke ba shi daɗi tun sakandare, yana tambayar dalilin komai, yana kuma iya jure ƙarin shekara 5 ko 6 na karatu bayan digiri da ƙaramin albashi, ya karɓi Bayokemistiri ko Maikirobayoloji hannu bibbiyu, ya kama karatu tun makon farko, ya kuma koyi nazarin alƙaluma da kwamfuta a gefe, domin binciken halitta yanzu rabinsa a kan kwamfuta ake yinsa. Mai burin koyarwa a kwalejin likitanci, Anatomi ko Fisiyoloji sun dace da shi bisa wannan sharaɗi.

Mai son likitanci kaɗai, ya sake jarrabawa, ya kuma sa wa kansa iyakar sau nawa zai gwada.

Mai gatan fita waje, in aiki a can yake nufi, ya tabbatar kwas ɗin yana cikin waɗanda hukumar ƙasar ta tantance. In gida zai dawo, ya aika wa MLSCN jerin darussan tun kafin a biya kuɗin jirgi. In kuwa kuɗin na shekara ɗaya ko biyu ne kawai a hannu, sauran ana sa ran Allah zai kawo, ya yi BMLS a gida, a adana kuɗin don digiri na biyu, wanda a Ingila shekara 1 ne.